Neyon ko LED? Garajina ya yi duhu, ku ba ni shawara

Sani Bukoki: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina kwananku, ya aiki, ya zafi? Shawara nake nema, don abin ya ishe ni. Garajina na nan Bukoki cikin Yamai, rumfar kwano ce mai cin mota 3, da rami ɗaya, da ɗan magaza a baya. Neyon 12 gare ni, dogayen nan na mita 1 da 20. Yau da nake wannan magana 4 sun mutu, 2 suna ta ƙifta ido, sauran kuma da magariba ta yi, kowa ya kunna kayansa a unguwa, kuran, wato wutar lantarki, ya yi ƙasa, sai su ƙi kamawa. Sai yaro ya hau tebur ya murɗa istata, ɗan abin nan mai tada neyon, ya sake murɗawa, kafin su yi haske. Shekaranjiya da dare ina haɗa injin wata Corolla, wani ɗan bulon ya suɓuce mini, mun fi minti 40 muna nemansa da tocilan waya, mai mota na tsaye yana kallon agogo. Ashe yana ƙarƙashin tiren mai. Kunya ta kama ni ƙwarai. Wani abokina ya ce in cire su duka in sa LED. To amma na taɓa sayen ƙwan LED na gida, bai yi wata 2 ba ya mutu. Waɗanda suka gwada a garaji, don Allah ku faɗa mini gaskiya.

Lawali mai walda: Wa alaikumus salam. Cire kawai patoro. Ni na daɗe da mantawa da istata.

Baba Mamman Tawa: Wa alaikumus salam ɗana Sani. Ka bi a hankali hwa. Ni tun 1987 nike aikin ga, kuma har yau akwai reglet, wato gidan sandar neyon, a garajina wadda munka sa tun kahin a haihi wasu cikin zauren ga. Neyon in ya mace ka san mi ya kashe shi: ko istata, ko tiransifo, ko sandar da kanta. Da kuɗi kaɗan ka tada shi. Wanga na zamani in ya mace sai bola. Ɗiyana sun kawo mini guda 6 bara, kahin damina ta wuce 3 sun tahi. Da tsohuwar zuma aka magani.

Lawali mai walda: Baba, da girmanka, wane iri suka kawo maka? Na jaka 1?

Baba Mamman Tawa: Ban tambaye su ba, kyauta ce. Amma dai sun mace.

Isufu Lantarki, Talaje: Baba ya faɗi gaskiya ta wani gefe, amma bari in ɗan tsawaita, don wannan aikin shi nake ci shi nake sha. Yaya Sani, fara da lissafi. Neyon na mita 1 da 20 an rubuta masa wat 36. Amma baƙin ƙarfen nan mai nauyi da ke cikin reglet, wanda muke ce wa tiransifo ko balas, shi ma yana cin nasa, wajen wat 8 zuwa 10, kuma zafi kawai yake mayar da shi. Taɓa bayan reglet bayan awa ɗaya ka ji. Ke nan kowane ɗaya ka ɗauke shi a wat 45. Guda 12, wat 540 ke nan. In suna kunne awa 10 a rana, kwana 26 a wata, kilowat 140 ne kontarka, wato mitar wuta, ke ƙirgawa. LED mai tsawon nan wat 18 ne. Guda 12, wat 216, a wata kilowat 56. Bambancin 84. Ɗauko faktirinka, takardar kuɗin wuta, ka ga nawa kilowat ɗaya ke zo maka da haraji da komai, ka ninka. In ma ka ɗauke shi a sefa 100 don sauƙin lissafi, jaka 8 da ɗoriya ne duk wata. Sannan maganar ƙin kamawa da magariba: wutarmu volt 220 ce, in ta sauka sosai neyon ba ya iya tashi, shi ya sa kake jin istata na ta ƙas-ƙas. LED mai kyau za ka ga an rubuta masa 85 zuwa 265 V a jiki. Wannan ko kuran ya yi ƙasa haskensa ba ya canzawa. Wanda aka rubuta wa 220 kaɗai, bar musu kayansu.

Sani Bukoki: Allah ya saka da alheri ƙanena. To me ke kashe su da wuri? Don abin da Baba ya faɗa ni ma na gani.

Isufu Lantarki, Talaje: Zafi, yaya. Zafi ne babban maƙiyinsu. Ƙwayoyin hasken ba su cika mutuwa ba, ɗan faranti ne a ƙarshen sandar, mai mayar da kuran zuwa irin wanda ƙwayoyin ke sha. A cikinsa akwai kondansater, ɗan abu mai ajiye wuta, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba kwanansa biyu. To ka duba garinmu: watan Afrilu da Mayu a inuwa ma muna wuce digiri 40. Kai kuma ka ɗauki sanda ka manna ta a jikin kwano da rana ta gasa tun safe. Awa 30.000 ɗin da aka rubuta a kwali ba a rumfar Bukoki aka gwada ba. Ka sauko da su da sarƙa ko waya mai ƙarfi, kamar santimita 40 zuwa 50 daga kwano, iska ta riƙa ratsawa ta bayansu. Kuma ka zaɓi mai bayan alminiyom, ka ɗaga shi a hannu ka ji ɗan nauyi. Wanda yake roba zalla, sakayau kamar karan dawa, araha ce ba ta ado.

Baba Mamman Tawa: To ka ji. Nawa ga kwano sunka manna su. Ashe su sunka kashe mini.

Habu Fenti, Lazare: Ni fa ina da ƙorafi, kuma ba na zafi ba ne. Launi. Na sa fararen nan masu tsananin fari, na haɗa fenti da dare na wata Hilux mai ruwan toka, na fesa ƙofa ɗaya, na duba ta yi daidai da sauran jiki, na kwanta da murna. Gari na wayewa aka fito da ita rana, ƙofar nan ta fita daban kamar an aro ta. Na sake aikin da aljihuna. Tun ranar na daina yarda da su.

Nuhu ɗan jami'a: Kawu Habu, abu biyu ne a nan kuma duka suna rubuce a kwali. Na farko lambar da ke ƙarewa da K. 3000K haske ne mai ja-ja irin na ɗakin kwana, 4000K fari ne mai taushi, 6500K shi ne mai shuɗi-shuɗi da ya cika kasuwa. Na biyu kuma, wanda ya cuce ka, shi ne CRI ko Ra, wato yadda fitila ke nuna launin abu na gaskiya. Hasken rana 100 ne. Na makanike 80 ya isa, amma mai haɗa fenti ya nemi 90 ko sama. Masu arha da yawa ba sa ma rubutawa, kuma shirun nan amsa ce.

Habu Fenti, Lazare: A kasuwar Katako wa zai tsaya yana karanta maka Ra? Ka ce ba ni mai haske, ya miƙo maka.

Nuhu ɗan jami'a: Kai za ka karanta, kawu.

Habu Fenti, Lazare: Ni dai ko Ra 1000 ne, ba na sake haɗa fenti sai da rana.

Isufu Lantarki, Talaje: Wannan kam ba wanda zai ja da kai. Amma ko mu masu wayoyin mota abin ya shafe mu. A ƙarƙashin tablo, wato allon gaban direba, waya ja da ruwan ƙasa da lemo, in hasken ba shi da kyau duk ɗaya suke. Yaya Sani, ni 4000K nake sa wa garaji in na samu. 6500K yana sa ido gajiya, kuma in ya bugi ƙarfe mai mai yana ɗaukar ido.

Hajiya Rabi, Wadata: Salamu alaikum. Ni ba makanike ba ce, amma ni ke riƙe littafin garajin gidanmu tun rasuwar Alhaji, Allah ya ji ƙansa. Malam Sani, kada ka canza 12 rana ɗaya. Mu 4 muka fara saye, kala biyu daga shago biyu, na sa yaro ya rubuta ranar da aka ɗaura a jikin kowace da maka. Muka bar su suka ci zafin bazara ɗaya. Kala ɗaya ta dushe ta koma ruwan ɗorawa, ɗayar tana nan. Sai muka koma wurin mai ta biyun muka kwashi sauran. Kuma ka karɓi rasit, ka sa ya rubuta garanti da hannunsa. Na baki ba ya zuwa ko'ina. Kuɗin wuta ya ragu, ban musa ba, amma kada ka sa rai zai rabu biyu, don kompiresa da injin walda su ne manyan maciya.

Sani Bukoki: Amin Hajiya, Allah ya ji ƙan Alhaji. Wannan shawara ta shige ni. Ni da har na yi niyyar ranto kuɗi in kwaso katon guda.

Lawali mai walda: Hajiya kin taɓo mu. Injin walda bai ci komai ba.

Hajiya Rabi, Wadata: Zo ka ga faktir ɗin, ɗana.

Mai kula da zaure: Lawali da masu turo hotunan kaya da lambar waya, an goge. Nan ba kasuwa ba ce. A ci gaba.

Sani Bukoki: Wata tambaya Isufu. Reglet ɗina na da, in jefar da su ne ko sandar kawai zan canza?

Isufu Lantarki, Talaje: Nan ne mutane ke ƙona kaya, don haka a karanta da kyau. In ƙarfen reglet bai yi tsatsa ba kuma kawunan da ke riƙe sandar ba su ƙone ba, za ka iya barin ta. Hanya biyu ce. Wasu sandunan suna zuwa da wani abu kamar istata a cikin kwali. Ba istata ba ne, gada ce kawai da ɗan fis. Ka cire tsohon, ka sa wannan, ka ɗaura sanda, shi ke nan. Amma wannan sai reglet mai tsohon balas na ƙarfe. In reglet ɗinka ba ta da istata sam, mai balas na elektronik ce, wannan dabarar ba ta yi. Hanya ta biyu, wadda na fi so, a yanke balas da istata da kondansater a fitar da su gaba ɗaya, a kai kuran kai tsaye. To a nan ka duba sandar. Akwai mai shan wuta ta kai ɗaya, za ka ga L da N a gefe guda. Akwai mai shan wuta ta kai biyu, L a nan, N a can. In ka haɗa reglet don mai kai ɗaya, gobe yaro ya sayo mai kai biyu ya cusa, ƙafafun nan biyu na gefe guda a haɗe suke a ciki, sai dai ka ji tas, dijonkter, babban makunnin da ke yanke wuta, ya faɗi, in an yi sa'a. Shi ya sa duk reglet da na gyara nake rubuta mata da fenti: LED, kai ɗaya, ban da neyon. Kuma kafin ka taɓa komai ka sauke dijonkter, kada ka dogara da makunnin bango.

Baba Mamman Tawa: Kun ji ko? Kai ɗaya, kai biyu. Neyon duk inda ka juya shi kamawa shikai.

Isufu Lantarki, Talaje: Baba in kuran ya kai ba. Amma ga shawarar da ta fi: garaji wuri ne na ƙura da hayaƙi da tururin mai. Lokacin hunturu kowa ya san yadda hazo ke shiga ko'ina. In aljihu zai ɗauka, a sayi rufaffiyar reglet mai lamba IP65, ƙura ba ta shiga, fesin ruwa ba ya shiga, ƙwarin damina ba sa cika ta. Tsumma kawai za ka sa ka goge. Ko neyon ɗinka na yanzu, yaya Sani, na rantse in ka goge su za ka ce sababbi aka sa.

Sani Bukoki: Wallahi rabon da a goge su tun azumin bara.

Nuhu ɗan jami'a: Akwai abin da ba a taɓo ba. Neyon mai tsohon balas yana ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa, tunda wutarmu hertz 50 ce. Ido ba ya gani, amma abu mai juyawa yana tona shi. Dutsen wasa wuƙa na tebur yana juyi kusan sau 3000 a minti, wato kusan 50 a daƙiƙa, sai ka gan shi kamar yana tafiya a hankali alhali yana kan gudu. Yaro sabon shiga zai iya kai hannu. Amma LED mai arha ma yana yin haka, wani ma ya fi neyon muni. Gwajin ba wuya: a shago ka ce a kunna, ka buɗe kyamarar waya ka nuna ta kusa. In ka ga baƙaƙen layuka na gudu a fuskar waya, ajiye.

Lawali mai walda: Wannan na gani da idona a fankar radiyeta. Na ɗauka aljanu ne.

Baba Mamman Tawa: Ɗan jami'a, duk da haka ni ina nan kan neyon har in mutu.

Nuhu ɗan jami'a: Allah ya ja kwana Baba, amma neyon ɗin ne zai riga ka. A cikin kowace sanda akwai zaiba ƴar kaɗan, guba ce. Tarayyar Turai ta hana shigar da irin waɗannan dogayen kasuwarta tun watan Agusta na 2023. A ƙarshen shekarar kuma ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata kan zaiba suka zauna a Janeba suka amince a daina ƙera su da fataucinsu zuwa 2027. Sannu a hankali masu kyau za su ɓace, ragowar da aka rasa inda za a kai su ne za su riƙa iso mana. Kawu Sani, tsofaffin da za ka cire kada ka bar yara su fasa su suna wasan takobi. A naɗe su cikin kwalin sababbin a ajiye inda ba za su fashe ba. In ɗaya ya fashe a magaza, a buɗe ƙofa a fita na ɗan lokaci, a kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, ban da hura shi da kompiresa.

Hajiya Rabi, Wadata: Innalillahi. Yaranmu da kompiresa suke share komai.

Musa Harobanda: Ni abin da ya sa na canza ba faktir ba ne. Kun tuna Agustan 2023, da Najeriya ta yanke layin da ke zuwa daga Birnin Kabi bayan juyin mulki? A lokacin mafi yawan wutarmu daga can take zuwa, Yamai ta sha duhu. Lokacin na haɗa batir ɗaya na amfiya 100 da ɗan kwanbertiser, mai mayar da wutar batir irin ta gida. Batirin volt 12 mai amfiya 100, in ba ka son kashe shi rabi za ka sha, wato wajen wat 600 na awa ɗaya. Neyon 12 irin na Sani cikin awa ɗaya za su shanye shi. LED 12 za su kai ka awa 2 da rabi, in ka kashe rabinsu ka bar na kan aiki, ka wuce isha'i da nisa. Daga baya na ƙara fano ɗaya na hasken rana a kan rumfa. Yanzu in an ɗauke wuta maƙwabta wurina suke zuwa shan shayi.

Baba Mamman Tawa: Rana kam Allah ya ba mu. Ga tashar wutar rana ta Malbaza nan kusa da mu tun 2018.

Nuhu ɗan jami'a: Ga ta Goru Banda ma mai megawat 30. Shi kansa Abdu Mumuni da aka sa wa jami'armu sunansa, a kan hasken rana ya ƙare bincikensa.

Isufu Lantarki, Talaje: Mu dawo garaji. Yaya Sani, kada ka yi zaton sanda 12 a tsakiyar rufi su ne magani. Neyon na watsa haske ko'ina, rabi yana tafiya kwano a banza. LED ƙasa yake kallo, shi ya sa wat 18 ke iya tsayawa a madadin 36 ko da lumen ɗinsa, wato yawan haskensa, bai kai ba. Amma inuwarsa ta fi kaifi. In fitila na bisa tsakiyar mota, ka ɗaga kapo, wato murfin injin, ka sunkuya, kai da kapo kun tare hasken, injin na cikin duhu. Ka jera su layi biyu ta gefen motoci, ba bisa kansu ba, ɗaya kuma a gaba ta karkato cikin injin. Bisa tebur a sa ɗaya ƙasa-ƙasa da makunninta daban. Bango kuma a shafa masa farar ƙasa, ita ce fitila mafi arha. Sai rami. Don Allah a daina shiga rami da baladez, fitilar hannu mai doguwar waya, mai ƙwan volt 220. Tururin esansi, wato fetur, ya fi iska nauyi, a rami yake kwanciya, ɗigo ɗaya a kan ƙwai mai zafi ya isa. A sayi ta caji mai maganaɗisu a gindi, ko ta volt 12.

Sani Bukoki: Jama'a na dawo, yau sati 3. Na bi shawarar Hajiya, 4 na saya, rufaffu, 4000K ban samu ba sai a shago na uku. Na yi gwajin kyamara a gaban mai shago, kala ɗaya ta fito da layuka kamar jakin dawa, ya ce wayata ce ta lalace. Na ɗauki ɗayar. Mun sauko da su da sarƙa, mun shafe bango, mun goge tsofaffin neyon 6 da suka rage. Da magariba sababbin ko gezau, tsofaffin na ta fama. Yaran sai rige-rigen aiki suke a gefen LED. Matsala biyu dai. Ɗaya in an kashe ta ba ta mutuwa duka, tana ɗan haske kamar garwashi. Sannan rediyona, in na kunna su lokacin labaran rana sai shuuu.

Isufu Lantarki, Talaje: Ta farko, makunninka waya mara wuta yake yankewa, mai wutar na nan a jikin fitila. A juya su, kuma a yi shi da wuri, don wanda ya hau canza ta zai iya shan kuran alhali a kashe take. Rediyo kuma farantin ciki ne ke damunsa. Matsar da shi nesa da su, ka sa masa pil maimakon soket ɗin layin, ka gani.

Habu Fenti, Lazare: Ka jira Mayu tukuna kafin ka yi guɗa.

Sani Bukoki: Ina jira, na rubuta kwanan wata a jikinsu.

Baba Mamman Tawa: Ɗana Sani, istata da tiransifon da ka cire kak ka yar. Ɗaure mini su cikin kwali ka ba motar Tawa, ni biya kuɗin aike.